Tirelar Mutumin Funtua

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zubar da girmana a bakin titin Malumfashi, da rana tsaka, a gaban jami'an duba motoci da masu shayi da 'yan acaɓa. Har yau akwai wani mai shayi a wurin da idan ya hango motata sai ya taɓa na kusa da shi. Abin mamakin kuma shi ne, duk cikin ranakun rayuwata babu wadda nake kewa kamar ta.

Ni ɗan fari ne a gidanmu. Gidan namu kuwa irin na Fulanin nan ne da suka daɗe da zama a wani ƙauye kusa da Ƙarfi: Fulatancin ya tafi, shanun sun ragu, amma kunya tana nan daram. Wanda ya tashi a irin gidan ya san abin da nake nufi. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama su yi hira, ko kallonsa zai yi sai dai a sace. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Sai dai sanin bai taɓa hana ni jin abin a raina ba.

Ina yaro, Baba "wancan yaron" yake ce mani. Da na girma na buɗe shagon taki da maganin feshi a Funtua sai na samu ƙarin girma, na koma "mutumin Funtua". Ƙanena Sani kuwa, kai! Tun daga zaure za ka ji "Sani! Sani!" Su zauna a tabarma ɗaya suna gardama a kan irin masara, har Baba ya yi dariya ya bugi cinyarsa. Ni kuma ina gefe na tanƙwashe ƙafa kamar wanda ya zo neman aure. Na yi aure, na haihu, na ajiye gemu da ɗan tumbi (matata ta ce ba "ɗan" ba ne), amma ban taɓa jin yadda sunana yake fita daga bakin mahaifina ba. Abin da nake so ke nan a duniya, kuma ba abin da mutum zai iya roƙa ba ne.

To, wata shekara da kaka, Sani ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, daidai lokacin da aka buga masara a inji aka ɗura a buhuna. Shi ne kullum yake nemo mota ya kai ta Funtua. Na zo duba shi, muna zaune a tsakar gida da Baba da ƙanwarsa Gwaggo Hansai, wadda ita ce wayar da ke tsakanina da shi tun ina ƙarami. Sai Baba ya dubi Gwaggo ya ce:

"Hansai, masarar nan tana so ta ga Funtua kafin kasuwa ta cika. Ko mutumin Funtua ya san wani mai mota mai amana?"

Da zan miƙa hannu a lokacin sai na taɓa gwiwarsa, amma haka ake yi. Murna ta kama ni. Yau ni ake nema! Na dubi Gwaggo na ce, "Ki ce mashi kada a nemi kowa. Ni zan kai da kaina. Har tirela zan kawo."

Bari in yi bayani, don a nan aka fara samun matsala. Ina da wata tsohuwar akori-kura da nake kai wa manoma taki da ita. Wani abokina kuma yana da tirelar tarakta, wato bodin nan mai ƙafa biyu da tarakta ke ja a gona, tana ajiye a bayan gidansa kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ita nake nufi. Mu a wajen masu kayan noma tirela muke ce mata. Amma a ƙauyenmu, kamar ko'ina, idan aka ce tirela to ana nufin doguwar motar nan mai tayoyi ba iyaka, wadda idan ta wuce sai ƙasa ta girgiza.

Gwaggo ta juya ta ce, "Yaya, wai tirela zai kawo."

"Tirela fa?" in ji Baba. Sai ya ɗago ya kalle ni, ido cikin ido, na ɗan lokaci kaɗan. Na san ya kamata in gyara zancen a nan take. Amma wallahi kallon nan ya yi mani daɗi, ban iya ɓata shi ba. Na sunkuyar da kai irin na manyan mutane.

Na koma Funtua na aro tirelar, na kai wa wani mai walda ya liƙa wa akori-kura ƙugiya a baya. A jikin ƙarfen da ake ɗaure tirelar da shi akwai wani ɗan allon ƙarfe da aka buga wa lambobi, tsatsa ta ci rabinsa. Na kankare da makulli, na ga nauyin da aka ce ta ɗauka ne. Na tambayi mai walda ko za ta iya fin haka, ya ce, "Haba Malam, ƙarfe ne fa. Ai masu ƙera ta tsoro ne da su, kullum sai sun rage." Ni ma dama ra'ayina ke nan. Batun lambar rajista kuwa ko a jikina. Na ce ai motar tana da lamba, wutsiya kuma bin jiki take yi, wa ya taɓa yi wa wutsiya rajista?

Abin da ban sani ba shi ne, Baba, mutumin da bai iya alfahari ba, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallah ya ce wa dattawa wai an ce mutumin Funtua zai kawo tirela, duk mai 'yan buhuna ya fito da su, wuri ba zai ƙare ba. (Gwaggo ce ta gaya mani daga baya. Ta ce ya maimaita maganar ga waɗanda ba su ji ba, har da waɗanda suka ji.) Aka kwashe buhuna zuwa bakin hanya tunda tirela ba ta shiga lungu. Har reshen darbejiyar dandali aka sare don kada ya taɓa kan motar.

Ran da aka sa, da hantsi, sai ga ni na shigo gari, akori-kura tana tari, tirelar tana tsalle a baya, kashin kaji bai gama fita daga jikinta ba. Na tarar da tsibin buhuna ya fi tsayina, da dattawa a jere. Can sai Malam Bawa, maƙwabcinmu, ya leƙa hanyar da na fito ya ce da zuciya ɗaya:

"Sannu da zuwa. Babbar tana tafe ne a baya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matasa suka fara juya baya kafaɗunsu na rawa. Baba bai yi dariya ba. Ya taka a hankali ya zagaya abar, ya ƙwanƙwasa tayarta da sandarsa, sannan ya ce wa iska, "Ita ma ai tirela ce."

Wannan magana ita ta ƙarasa ni. Mutumin nan ya rufa mani asiri a gaban tsaransa, ni kuma in bar buhu ko ɗaya a ƙasa? Na ce a loda. Aka cika akori-kura, aka cika tirela, aka ɗora wasu a kan wasu, aka ɗaure da igiya. Na Baba suka shiga duka, na Malam Bawa suka shiga, na wasu ma suka shiga har sai da tayoyi suka baje kamar waina. Duk wanda ya ce "Anya kuwa?" sai in ce mashi ai ta saba.

Ina shirin tayar da mota sai na ji an buɗe ƙofar gefe. Baba ne, da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa da carbi a hannu. Ba ya yarda a sayar da masararsa ba ya wurin, na manta da wannan. Ya zauna ya ja ƙofa. Tun da aka haife ni ban taɓa zama da shi mu biyu kaɗai a wuri ɗaya ba.

Wayyo, tafiyar nan. Gaban motar ya ɗaga saboda nauyin baya, sitiyari ya yi sakayau a hannuna, tirelar tana kaɗa mu hagu da dama kamar tana da tata unguwar da take son zuwa. Amma ni hankalina ba a can yake ba. Ina jin ƙanshin turarensa da na goro, ina ganin hannunsa ta gefen ido, jijiyoyi duk sun fito. Ashe ya tsufa haka? Na shirya maganganu iri-iri a raina, ko ɗaya ba ta fito ba. Shi kuma gilashin gaba yake yi wa magana. "Mota tana so a rage mata gudu." Sai in rage. "Akwai rami a gaba." Sai in kauce. Wallahi a raina roƙo nake Allah ya ƙara wa hanyar Funtua tsawo.

A bakin Malumfashi muka tarar da jami'an duba motoci. Wani matashi a cikinsu ya ɗaga mani hannu. Na taka birki. Akori-kura ta yarda ta tsaya, tirela ta ce ba da ita aka yi wannan shawarar ba. Ta turo mu muka wuce jami'in, muka wuce motarsu, muna tafiya a hankali cikin natsuwa kamar masu rakiyar gawa, sai da muka kusa hawa teburin mai shayi sannan muka tsaya. Masu shan shayi suka watse da kofunansu a hannu.

Jami'in ya tako bai ko ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya karɓi takarduna, ya zagaya baya, ni ina biye da shi ina "Ranka ya daɗe" (yaron da na girme shi nesa ba kusa ba). Ya ce ina lambar tirelar? Na ce ai ta motar ce. Ya ce a'a, a wajen doka tirela irin wannan abin hawa ce mai zaman kanta idan ta hau titi, rajistarta daban, lambarta daban. Ina fitilunta na baya? Babu. Birkinta? Na ce ai na motar yana riƙe su duka. Ya waiwaya ya kalli teburin mai shayi. Ya durƙusa wajen ɗan allon nan ya goge shi da yatsa.

"Malam, wannan nauyin da aka rubuta, na tirelar ne da kayanta gaba ɗaya, ba na kayan kaɗai ba. Ita ma motarka akwai iya abin da aka yarda ta ja, kuma ka wuce shi tun kafin ka ɗora rabin kayan nan. Lasisinka ma ba na jan tirela ba ne."

Duk gaskiya ya faɗa. Da a nan abin ya tsaya da na biya tara na tafi da sauran mutuncina. Sai idonsa ya kai kan buhunan. Kun san manoma, kowa yana rubuta sunansa da fenti a jikin nasa. Ga na Baba, ga na Malam Bawa, ga na wane da wane. A lokacin kuwa ana yawan kukan satar amfanin gona. Ya ce tirelar ta wace ce? Na ce aro na yi. Na kira abokina, waya a kashe. Ya ce kayan fa? Na ce na mahaifina ne da maƙwabta, ga shi can ma a mota. Sai ya nufi tagar Baba, ya rusuna.

"Baba, barka da rana. Wannan direban ɗanka ne?"

Na rufe ido, don na san abin da zai biyo baya. A tambayi Bafulatanin dattijo, a gaban jama'a, ko ɗan farinsa ɗansa ne? Baba ya dubi carbinsa ya ce, "Mutumin Funtua ne."

"Na ji. Amma mene ne shi a wurinka?"

"To... yana dai zuwa gidanmu."

"Ka san sunansa?"

Baba ya juya yana kallon wata akuya a tsallaken titi kamar bai taɓa ganin akuya ba. Zuwa lokacin mutane sun kewaye mu. Jami'in ya rage murya ya ce, "Baba, kada ka ji tsoro. Idan tilasta maka aka yi ka shiga motar nan, ka gaya mani."

Innalillahi! Daga mai lodin wuce kima na koma ɓarawon masara, yanzu kuma ga ni mai satar mutane. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka saurare ni. Ni ɗan fari ne, kunya ce irin ta gidanmu, ba ya faɗin sunana."

Ya dube ni sama da ƙasa. Yaron birni ne, ba laifinsa ba ne. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Da safen nan babana ya kira ni a waya, kuma da sunana ya kira ni."

Bai san inda ya soka ba. Ya zare makullin motar, ya riƙe hannuna ya ce sai dai in yi bayani a wajen 'yan sanda. Wani daga cikin taron ya ce dama shi tun da ya ga idona bai yarda da ni ba.

Sai na ji ƙarar ƙofar mota. Baba ya sauko a hankali, ya dogara sandarsa, ya tako har inda muke. Bai kalle ni ba, hannun jami'in da ke riƙe da nawa yake kallo.

"Yaro, sake shi," in ji shi. "Nawa ne. Ni na haife shi."

Sannan ya faɗi sunana. Bai gutsure shi yadda abokai ke yi ba, cikakkensa ya faɗa, a hankali, ya ja tsakiyarsa yadda malamai ke ja, ya haɗa da nasa sunan a baya. Ya ƙara da cewa, "Ni na yi mashi huɗuba da shi a kunne ran da aka haife shi. In ba ka yarda ba, sai ka tafi da mu tare."

Jama'a, a nan ne fa na zubar da girman. Na so in ce wani abu na dattako, ko in yi shiru kawai kamar namiji. Ina! Sai ji na yi na ɓarke da kuka. Ba hawayen nan na mutunci da ake sharewa da gefen hula ba. Kuka sosai, mai sauti, da shessheƙa da majina, baki a buɗe, tumbi yana rawa. Na yi ƙoƙarin tsayar da shi, sai ya fito da wata irin ƙara kamar ta ɗan akuya. Jami'in ya saki hannuna da sauri ya ja da baya.

Babu wanda ya gane dalili. Mai shayi ya ce, "Haba Malam, tara ce fa, ba kisa ba!" Wata mai fura ta ce, "Wayyo, ƙato da shi." Mutumin nan da bai yarda da idona ba shi ne ya fara cewa a yi mani karo-karo. Na ga wayoyi sun ɗaga sama, ban kuma san inda hoton ya kai ba, ba na son in sani. Yaya zan yi masu bayani? In ce ina kuka ne don ubana ya san sunana?

Baba kuwa tuni ya juya mani baya, kunya ta dawo mashi har da ta bashi. Ya je ya zauna a bencin mai shayi, ya gyara rigarsa, ya ce, "Mai shayi, ka ce wa mutumin Funtua ya share fuskarsa. Mutane na kallo."

Aka yanka mani tara, kuma na cancanta. Aka kwance tirelar aka ce tana nan sai mai ita ya zo ya yi mata abin da doka ta ce. Na nemo babbar mota ta gaske a waya, aka ce sai bayan la'asar. Haka muka zauna a benci ɗaya, shi a wannan ƙarshe ni a wancan, muna kallon motoci. Can ya ciro goro daga aljihu ya ɓare, ya ci rabi, ya ajiye rabin a kan bencin a tsakaninmu, ya ci gaba da kallon titi. Ni ba na cin goro, yana sa ni jiri. Na ɗauka na cinye tas.

Bai ƙara faɗin sunan ba. Na yi ta sa rai, musamman da ciwo ya kwantar da shi bayan 'yan shekaru. Ina zaune a bakin gadonsa, hannunsa a cikin nawa, ya buɗe ido ya ce wa Gwaggo, "Hansai, mutumin Funtua ya ci abinci kuwa?" Ita ce maganarsa ta ƙarshe a kaina. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wani lokacin ina tuƙi ni kaɗai sai in gwada faɗin sunan yadda ya faɗa, da jan nan na tsakiya, amma ba ya fitowa daidai, kuma ina jin tsoron ranar da zan manta yadda muryar take.

Na koyi darasi dai. Yanzu ko baro zan ɗaura a bayan mota sai na karanta abin da aka rubuta a jikinsa, kuma idan na ce tirela sai na faɗi wace iri. Sannan na lalace ta wani fannin: ɗana na fari ba ya samun sakat a gidan nan. Ina kiran sunansa daga ɗaki, daga zaure, daga cikin mota, a gaban baƙi, har Gwaggo Hansai ta ce ni kam ba a bar mani kunya ko ta cefane ba. Jiya ma na ƙwala mashi kira, ya taso daga kan karatunsa yana ɓata rai.

"Na'am Abba, me zan yi maka?"

Na yi ta tunanin aiken da zan ƙirƙiro, ban samu ba. Na ce, "Babu komai. Je ka abinka."